Daga Tit: Waya ta tona mini asiri a gida

Wannan makon ba zancen farashin dabino ko canjin dinari zan yi ba. Magana ce ta cikin gidana.

Ran Alhamis muna dawowa daga Tamanrasset, ɗana Habu ya miƙo mini wayarsa yana dariya: "Baba, yau na yi taku dubu goma sha uku." Ashe a cikin wayar akwai 'yar na'ura mai jin girgizar jiki, ita ke ƙirga takun. Ban yi mamaki ba, tun safe yake jigilar kaya a kasuwar Assihar. Sai na ce gobe a saka wa ƙanwarsa Rabi wayar a aljihu mu gani. Shekararta 14. Da magariba muka duba, ko dubu biyu ba ta cika ba.

Mamanta ta ce, "Haba Malam, ai waya ba ta ƙirga wanki da tuƙin tuwo." Gaskiyarta. Na'urar da ke aljihu ba ta san aikin hannu ba, kuma kwana ɗaya ba ya isa awo. Masu bincike ma sai yaro ya yi mako guda da na'urar ɗaure a ƙugu kafin su ce komai. Amma na san abin da idona ke gani: daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai gaban talabijin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 kullum na motsin da zai sa zuciya bugawa da sauri. Binciken da ta fitar a 2019 daga ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasa ba sa samun haka, 'yan mata kuwa kashi 85.

To wa ya zaunar da Rabi? Ni ne. Tun da muke jin ana kwashe baƙi ana kai su iyakar Assamaka, na kafa doka ba mai leƙa ƙofa sai da dalili. Mamanta a shekarunta, can Maraɗi, ta je rijiya, ta yi talla, dare ya yi ta tafi gaɗa a dandali. 'Yata kuwa ga duwatsun Hoggar, ga lambuna a bakin ƙorama, amma daga tsakar gida take hangensu. Na tsare ta daga abu ɗaya, ina jawo mata wani.

Yanzu mun yi shawara da maƙwabta. Bayan la'asar iyaye mata kan fita da 'yan matan zuwa lambu su dawo, takardu a jaka. Ranar da gari bai yi daɗi ba, tsalle da igiya da gaɗa a tsakar gida. Awon ma ba sai da waya ba: in tana iya magana amma numfashi ya hana ta rera waƙa, to jiki ya motsa.

Tsoron bai bar ni ba, ba zan ɓoye muku ba. In sun fita ina bakin ƙofa har su dawo. Amma jiya Rabi ce da kanta ta karɓe wayar daga hannun yayanta.

Ku ma ku gwada a gidajenku, ku fara da 'ya mace. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.