Fuskar waya ta yi garau, amma me za mu ɗora a kanta?

Da can ana yabon salula da layi biyu da tocila da batir mai kwana uku. Yanzu mai shago a Matamaye kunna ta zai yi, ya miƙo maka, ya ce, "Malam, dubi fuska!" Iyaye da dama a nan Icirnawa sun tambaye ni ko ya kamata su ƙara kuɗi saboda wannan fuskar. Amsata ita ce kada su yi gaggawa, don da ƙafarta za ta iso.

Hoton da ke fuskar waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana, kuma yawansu shi ke sa rubutu ya fito tsaf. A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPhone 4 mai ɗigo 326 a kowane inci, yana cewa ido ba ya iya rarrabe su in an riƙe wayar yadda aka saba. Lokacin abin 'yan gata ne. Yau wayoyin Tecno da itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda ke shigo mana daga kasuwar Farm Centre ta Kano ta Daura da Ɗan Barto, masu araha cikinsu kan zo da ɗigo 720 a faɗi, 1600 a tsawo. A fuska mai inci 6.6, kusan 266 ke nan a inci. Na sama da su, masu 1080 da 2400, suna kai kusan 400. Abin da ke hannun mai kuɗi bana, shi ke hannun ɗan acaba bayan shekaru kaɗan. Haka kyamara ta yi, haka wannan ma za ta yi.

Ni malami ne, kuma inda na ga amfaninta shi ne karatu. A ajin da ɗalibai huɗu ko biyar ke leƙen littafi ɗaya, hoton shafi da aka tura ta WhatsApp ya zama littafi na biyu. A tsohuwar fuska sai yaro ya yi ta ja yana buɗawa, layi ya ɓace masa, alamar da ke kan harafin Faransanci ta narke, ƙaramar lamba a lissafi ta koma tabo. Ga kuma namu haruffan masu lanƙwasa. Tsakanin "kafa" da "ƙafa" ɗan ƙugiya ne kawai, kuma tunda kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, yaranmu za su ƙara cin karo da ita a rubuce. Fuska mai kyau na taimakawa a nan, ba na musu.

Sai dai ta 720 ta isa wannan aikin. Abin da ya haura, ido kaɗan yake gani, aljihu ne ke ji. Fuska mai 1080 tana da ɗigo fiye da ninki biyu, waya na ƙara wahala wajen zana su, batir na saurin sauka, alhali yawancinmu wurin mai sola muke biyan caji. Tana kuma jan yaro zuwa bidiyo mai nauyi, megar Airtel ko Zamani da aka saya don mako ta ƙare kafin la'asar. In ta faɗi ta fashe, kuma wayar yaro sai ta faɗi, canjin gilashinta ya fi tsada. Uban da ke da ɗalibin da zai zana BEPC gara ya tambayi ƙarfin batir da girman ma'ajiya tukuna.

Mu malamai kuwa namu ya fi nauyi. Masu TikTok sun riga sun shirya wa wannan fuska kayansu, mu har yanzu hoton allo muke ɗauka a karkace, da inuwar hannu a kai. A ɗauki shafi da rana, a miƙe, darasi ɗaya a fayil ɗaya mara nauyi, yadda ɗalibi zai sauke shi sau ɗaya ya karanta ko babu layi. Malaman makaranta ɗaya za su iya raba aikin tsakaninsu, wannan ya ɗauki lissafi, wancan Faransanci, kafin a koma aji a watan Oktoba.