ADAWAR ƘWALLO TA TSAYA A WASAN TAUBASAI

Jama'a, ran Asabar da ta wuce na ga abin takaici a wani gidan kallon ƙwallo da ke G.R.A. ta Bauchi. Samari biyu 'yan unguwa ɗaya suka shaƙe wuyan juna saboda ƙungiyoyin Ingila waɗanda ba su ma san da zamansu ba.

Mu da muka kalli gasar cin kofin duniya ta 1994 mun san zafin kaye. Amunike ya jefa wa Italiya ɗaya, muna ta murna, saura minti biyu a tashi Baggio ya rama, ya kuma ƙara ta biyu da fenariti. Daren nan tuwo bai ciwu ba a Bauchi. To, da Nijeriya ta tafi Rasha a 2018 Italiya tana zaune gida, dariya muka yi, muka ce alhakinmu ne. Iyakar ramuwarmu ke nan.

Italiyawa kuwa sun san inda wannan hauka take kai mutane. A filin Heysel na Beljiyam, a 1985, mutum 39 suka halaka kafin wasan Juventus da Liverpool, galibinsu Italiyawa.

Bafillace da Babarbare sukan yi wa juna ba'a a kasuwar Wunti, su rabu suna dariya. Haka ya kamata adawar ƙwallo ta kasance. Wanda kishi ya hana shi barci, ga Wikki Tourists nan tana neman magoya baya a filin Abubakar Tafawa Balewa.

Allah Ya ganar da mu.