Kasa Da Kububuwa: Hikimar Ɓuya Da Kwaikwayo

Idan kaka ta yi, manoman Babban Mutum da sauran ƙasar Daura sukan duƙufa ga girbin gero da roron wake, kuma a lokacin ne hannun ɗan Adam yake yawan kusantar maciji ba da saninsa ba. Saboda haka ya kamata mu san dabaru biyu da macizai suke tsira da su.

Ta farko ita ce ɓuya. Zanen jikin kasa ya yi daidai da busasshen ganye da rairayi, don haka ba ta cika gudu ba idan ta ji motsi, sai ta lafe. Mutane suna cewa barci gare ta, alhali kuwa kwanton ɓauna take yi wa ɓera da kwaɗo. A shekarar 2015 masana a Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu sun nuna cewa ko karnukan da aka horar sun kasa gane warinta. To, wadda ta ɓuya wa hancin kare, ina ga idon mai ɗaukar dami?

Ta biyu ita ce kwaikwayo. Idan kububuwa ta fusata takan naɗe, tana goga jikinta da juna, sai a ji ƙara kamar an ɗiga ruwa cikin tafasasshen mai. Akwai kuma wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye, ba shi da dafi, haƙoransa ma ba su taka kara sun karya ba, amma zanensa da ƙararsa irin nata ne, sai maƙiyi ya ja da baya. Wani Baturen Ingila, Henry Bates, shi ne ya bayyana irin wannan dabara a shekarar 1862.

Fa'idar wannan bayani ita ce kada mutum ya yanke wa maciji hukunci da ido. Sau da yawa mara dafi ne yake saran mutum, a ba shi sassaƙe, ya tashi lafiya, sai maganin ya yi suna. Ranar da kububuwa ta gaskiya ta yi sara, a dogara ga sassaƙen nan, alhali dafinta yana hana jini daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi. Ba banza ake kiranta gobe da nisa ba.

Don haka wanda aka sara, kada a yi masa tsaga, kada a tsotsi wurin, kada a ɗaure da ƙarfi. A hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti domin allurar dafi. Manomi kuma ya sa takalmi mai rufi, ya juya dami da sanda kafin ya kai hannu, ya riƙe tocila da dare.

Allah Ya kiyashe mu, amin. Sai mako mai zuwa.