Ragar kwashe tarwaɗa: araha ba ta ado

Masu shirin fara kiwon kifi a Limawa da kewayen Dutse, kar ku bar maganar raga sai ranar kwashe kifi. A ganina, ragar kalli, irin ta su a dam kamar na Warwade, ba ta dace da tankin tarwaɗa ba. Zarenta siriri ne, yana sarƙe ƙayar da ke gefen kifin ya ji masa ciwo. Ita kuwa tarwaɗa da ranta ake sayenta, in ta ji rauni dillali zai karya farashi.

Ku daure ku sayi taru mai kaurin zaren nailan, mara ƙulli, mai ƙananan idanu. In an gama aiki a wanke, a shanya a inuwa, don rana na cinye nailan. Aron raga kuma a haƙura da shi, ta nan cuta ke shigowa tanki.