Gardamar Asalin Ɗan Adam

Akwai waɗansu masu ilmi da su ke tsammani in aka tara jama'a, aka kafa gardama a kan asalin ɗan Adam, wanda aka kayar zai saki ra'ayinsa. Wannan zato ne na wanda bai san halin mutane ba.

A cikin 1925, a garin Daiton na ƙasar Amurka, aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, bisa laifin koya wa yara maganar Darwin, watau mutum da biri tushensu ɗaya. Manyan masu baki biyu, Bryan da Darrow, suka kara, jama'a kuwa ta yi maƙil, kowa ya zo yi wa gwaninsa kirari kamar a fagen dambe. Aka ci Scopes tarar dala 100. Jaridun birane suka ce Darrow ya kunyata Bryan. To, sai me? Mutanen karkara suka koma gida da imanin da suka zo da shi, dokar da ta hana koyarwar kuwa ba a soke ta ba sai 1967. Har a 2019, da aka tambayi mutanen Amurka, 40 cikin 100 suka ce Allah ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu.