Wushirya, haƙorin Makka da wayar haƙori

Bahaushe bai taɓa ɗaukar haƙori a matsayin kayan tauna kawai ba. Kakanninmu mata sun ci goro da fure don su rina nasu, alhazai sun dawo da haƙorin Makka yana walƙiya a gefen baki, mawaƙa kuwa sun daɗe suna wasa mace mai wushirya. Saboda haka gyaran haƙori ba baƙo ba ne a wurinmu. Baƙon shi ne wannan siririyar waya mai ƙananan ƙarafa da a 'yan shekarun nan muka fara gani a bakin manya: ma'aikaciyar banki a titin Yakubu Gowon, matar aure a Malali, ɗalibin digiri na biyu da ya ajiye 'ya'ya uku a Unguwar Kanawa. Da zarar mai ita ya juya baya sai tsegumi ya tashi. Wasu su ce tsofai-tsofai da shi, wasu su ce almubazzaranci ne, wasu kuma su ce ya canja halittar Allah.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Wayar haƙori magani ce. Wanda ke da larura ya sa abarsa ko da furfura ta cika masa gemu, wanda ba shi da ita kuma ya bar bakinsa ya huta.

Masu ganin an makara suna da hujja daga karin magana, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a kan icce, amma ƙashin muƙamuƙi ba busasshen icce ba ne. Haƙori ba a dasa yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Akwai wata siririyar tantani mai rai da ke riƙe da saiwarsa. Idan waya ta matsa shi a hankali, ba ƙaƙƙautawa, sai jiki ya riƙa zaizaye ƙashin da ke gefen da ake turawa, yana gina sabo a gefen da aka baro. Da haka haƙori ke tafiya, kimanin milimita ɗaya a wata. Wannan rushewa da ginawa ba ta tsayawa don mutum ya kai shekara 40. Abin da ya bambanta babba da yaro shi ne muƙamuƙin babba ya gama girma, ba a iya juya akalarsa da waya kaɗai, aikin kuma yakan fi jan lokaci, sau da yawa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye. Sannan dole likita ya tabbatar dasashi lafiya lau yake kafin ya fara, domin tura haƙorin da gindinsa ya riga ya ruɓe daidai yake da gaggauta faɗuwarsa.

Kuma ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa mutane ke zuwa a makare. Mu da muka tashi a shekarun 1980, ba a kai yaro wurin likitan haƙori sai kunci ya kumbura, an gaji da kanumfari da ruwan gishiri, kuma abin da ake zuwa nema ɗaya ne: a cire. Babu uban da zai ɗauki ɗansa zuwa asibiti don haƙora sun hau juna alhali yaron na cin tuwonsa. Yaran nan su ne yau suka zama manya, suka sami abin hannu. Wani turmin haƙorinsa aka cire shekaru 20 da suka wuce, na kusa suka karkata suka faɗa cikin giɓin. Wani nasa sun cunkushe har buroshi ba ya shiga tsakaninsu. Wata kuwa na gabanta sun turo har leɓe ba ya rufuwa, ta shekara 30 tana dariya da gefen mayafi a baki. Na koyar da irinsu. Akwai ɗalibar da ta fi kowa sani a aji, amma ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Wanda bai taɓa jin kunyar buɗe bakinsa ba, da wuya ya san nauyin wannan.

Batun addini ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin masu tayar da shi ba da wasa suke ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud hadisin da ya yi tsananin hani ga matan da ke goge tsakanin haƙoransu su buɗa shi don neman kyau. A gefe guda kuma akwai labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinare. Daga irin waɗannan nassoshi ne malamai da dama suka bambanta tsakanin kawar da aibi, wanda suka halatta, da sauya lafiyayyar halitta don ƙarin ƙawa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa, amma duk wanda ya dubi ƙa'idar zai ga ba ta hana mai larura neman magani ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke karanta hadisin a baibai. Aikin da aka ambata a cikinsa shi ne ƙirƙiro wushirya da gangan, kuma har yanzu akwai masu zuwa a goge musu haƙora don su same ta, ba mu cika jin ana yi musu wa'azi ba. Sai mai gyara karkataccen haƙori muke bi da baki.

A nan ne kuma nake da ƙorafi a kan ɗaya ɓangaren. Wannan fanni na ilimi a Turai da Amurka ya girma. Wani Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya bayyana ƙarfen daidaita haƙora a littafinsa na 1728, sannan Ba'amurke Edward Angle ya fito a 1899 da rabe-raben yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, wanda likitoci ke amfani da shi har gobe. Ilimi ne mai amfani, amma ya zo da ma'aunin kyau na mutanen da suka rubuta shi, inda ake lissafa tazarar tsakanin haƙoran gaba cikin abubuwan da ake rufewa. Mu kuwa suna muka raɗa mata, Yarabawa ma suna da nasu sunan da suke yabonta da shi. Yanzu sai ga 'yan matanmu, bayan sun ƙare wa hotunan Instagram kallo, suna neman a toshe musu abin da aka yabi iyayensu a kansa. Akwai wushiryar da ciwo ke kawowa, wadda ke buɗewa da girma saboda dasashi ya lalace. Wannan ta likita ce. Amma wadda aka haifi mutum da ita, ba ta hana shi ci ba ta hana shi magana, ban ga cutar da ake warkarwa ba.

Mafi muni shi ne wayar gayu. Tunda aikin gaskiya yana da tsada, waya ta zama alamar gidan akwai, sai kasuwa ta buɗe. Ana tallar ta a TikTok launi-launi, ana liƙa wa mutane a shagon gyaran gashi ko a ɗaki, ba hoton ƙashi, ba gwajin dasashi, ba tafasa kayan aiki. Matsalar ita ce haƙori bai san wasa ake yi ba. Duk abin da ya matsa shi zai motsa shi, kuma idan ba wanda ya lissafa inda za shi, sai ya tafi inda ya ga dama, saiwa ta gajarce, dasashi ya janye, lafiyayyen haƙori ya soma girgiɗi. Ƙasar Tailan ta sha fama da wannan yayi a tsakanin matasanta har hukuma ta haramta sayar da irin wayar. Mu a nan doka ta riga ta tanadi cewa ba mai aikin likitan haƙori sai wanda ke da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN. Mai son a taɓa bakinsa yana da 'yancin ya nemi ganin wannan shaida, ya kuma tambaya ko likitan ya yi karatun ƙwarewa a wannan reshe, domin ba kowane likitan haƙori ne ya yi ba.

Ƙwararrun kaɗan ne, kuma akasarinsu suna kudu da Abuja. Shi ya sa wasu 'yan Kaduna ke sammakon jirgin ƙasa daga Rigasa, wasu su nufi Kano, duk bayan mako huɗu zuwa takwas, don a ɗaure musu waya. Idan aka haɗa kuɗin aiki da na hanya, wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya ma cikin lissafi. Na yarda da masu cewa ba wannan ne babban ciwon bakin Arewa ba. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, cutar da sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Amma wannan hujja ce a kan inda gwamnati za ta zuba kuɗinta, ba dalilin yi wa wanda ya tara guminsa ya gyara bakinsa dariya ba.

Ga wanda ya yanke shawara, ya sani akwai sallama da za a yi. Rake sai dai a gaishe shi daga nesa, haka aya da gasasshiyar masara da guringuntsi da alewa mai danƙo. Kilishi sai an yayyaga shi ƙanana, goro ma ba a gatsa. Kwanakin farko bayan kowace ɗaura, baki yakan yi tsami har kunu ya zama babban abinci. Wankin baki kuma yakan koma bayan kowane cin abinci, da ɗan ƙaramin buroshi mai ratsa ƙarƙashin waya, in ba haka ba ranar da aka kwance sai a tarar da fararen tabo a jikin haƙoran.

Ranar kwancewar ma ba ita ce ƙarshe ba, kuma wannan ne mutane ba su cika tambaya ba kafin su biya kuɗi. Haƙori yana son komawa mazauninsa na da. Don haka likita zai ba da wata roba ko siririyar waya ta riƙo, wadda ake kwana da ita ko a manna ta a bayan haƙoran gaba, kuma likitoci da yawa yanzu suna cewa a ci gaba da sa ta da daddare muddin ana son haƙoran su zauna inda aka ajiye su.