Zafin Damargu ba shi ne zai ba mu wuta ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan bokonmu: wai tunda Allah Ya hore mana zafi, ranar da sababbin faifan nan masu lanƙwasuwa da ke mayar da zafi lantarki suka iso, Tanut da Belbeji sun rabu da duhu. A manna su a kwanon ɗaki, a ɗinka su a riga, waya ta cika. Maganar tana da daɗin ji, amma an gina ta a kan rashin fahimta.

Bajamushe Thomas Seebeck ne ya gano abin a 1821, kuma sharaɗinsa bai canza ba: sai gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan ya yi sanyi, sannan lantarki ke motsawa. Kamar ruwa ne, ba ya gudu sai da gangare. To ina gangaren a bazarar Damargu, lokacin da iska ke haura digiri 40, tazararta da zafin fatar mutum ba ta da yawa? Faifan da aka ɗora a hannun makiyayi a kwarin Tarka cikin watan Mayu, abin da zai samar bai taka kara ya karya ba. Ko a ƙasashen sanyi, abin da yake tatsa daga jikin mutum na ƙananan na'urorin auna lafiya ne, bai kai na cajin waya ba. Masu ƙarfin ma, waɗanda ba sa lanƙwasuwa, da ƙyar suke mayar da kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na zafin. Farantin sola na kasuwa yana ba da wajen kashi 20 na hasken da ya sauka a kansa, kuma yaranmu sun iya haɗa shi.

Ga kuma batun kayan haɗi. Mafi yawan faifan nan masu aiki da zafi da bismut da teluriyom ake yi, ma'adinan da Sin ta fi kowa samarwa, ta kuma ƙuntata fitar da su a Fabrairun 2025. Mu da muka ɗanɗana kuɗarmu a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, ya kamata mu yi hattara da sabon dogaro.

Ba na cewa ilimin banza ne. Kumbon Voyager da aka harba a 1977 da wannan dabara yake samun wuta. Kuma zafin da ake asara muna da shi, sai dai ba a inda ake nunawa ba. Yana matatar mai ta SORAZ da ke Ollelewa, cikin gundumar Tanut, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana. Yana salansar kowane injin gazuwal, yana murhun kowace mai tuwo. Can ne ake da gangare na gaske, kuma can ɗin ne faifan nan masu lanƙwasuwa ba sa jurewa, don zafin ya fi ƙarfinsu. A matata ma, tukunyar tururi da injin juyawa sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Saboda haka masu ba da shawara su daina ruɗar ƙananan hukumomi da hotunan ɗakunan bincike. Kuɗin da ke hannu a sa shi a sola da famfunan rijiyoyin Belbeji. Wakilan Damargu kuma su tambayi SORAZ, wadda Nijar ke da kashi 40 a cikinta, nawa ne zafin da ke fita ta bututunta, kuma me ake yi da shi.